Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Zaɓaɓɓun Wakilanmu Kan Filin Wasan Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu, da Mai Girma Ɗan Majalisar Dokokin Jiha mai wakiltar mazaɓarmu, da Kansilan gundumarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku, Ya sa ku sauke ta lafiya. Ranku ya daɗe, ni tsohon malamin firamare ne da ya ajiye alli, kuma ni ne sakataren kwamitin da mutanen garinmu suka naɗa a ƙofar gidan Dagaci domin bin maganar filin wasa. Saƙon da ke cikin wannan takarda na waɗanda suka aiko ni ne: samarin da ke buga ƙwallo da la'asar, da malaman makarantarmu da iyayen yara, da 'yan kokawa da 'yan langa, da mata masu tuyar ƙosai da awara a bakin filin, da dattawan da ke shan inuwa a gindin tsamiyoyin da ke gefensa. Ku kun san garin, ba sai na faɗi sunansa ba. Na bar shi haka ne saboda na ji irin wannan kuka daga abokai a ƙasar Gumel da Kazaure da Ringim, kuma ina so duk wanda ya karanta a cikin ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ya je ya duba filin garinsu, ya ga ko yana nan yadda ya san shi.

Abin da ya tashe mu tsaye shi ne zuwan ma'aikatan awo. Da rana tsaka suka zo da igiyarsu, suka kafa turaku a filin tun daga bakin titi har bayan ragar gabas. Yara suka ruga suka kira manya. Da aka tambaye su, sai suka ce umarni aka ba su daga sakatariya: za a gina jerin shaguna a bakin titi, abin da ya rage kuma a yanka shi fulotai. Ba mu yi musu rashin mutunci ba, don ɗan aike ba shi da laifi. Amma tun daga ranar babu wanda ya zo ya yi wa gari bayani, takardar da muka kai sakatariya kuma har yau ba a ba mu amsarta ba.

Filin nan ya girme mu duka, har da ku. Kakanninmu ne suka ware shi a bayan gari, a kan tudu, suka hana kowa nomawa. Nan ake kokawa idan an shigo da amfanin gona, nan ake kilisa, nan dawaki ke sukuwa da Sallah. Lokacin da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo mana makaranta, gefen filin aka ba ta, bisa sharaɗin cewa yaran makaranta su yi amfani da shi da safe, mutanen gari da yamma. Haka aka tafi shekara da shekaru ba tare da wata takarda ba, domin a wancan zamani maganar dattawa a gaban Dagaci ta isa shaida. Yau ga shi rashin takardar ne ake nema a ci mu da shi.

Kukanmu na farko ke nan: an yanke hukunci a kan abin da yake na kowa ba a tambayi kowa ba. Mun san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filaye a karkara, ba ma jayayya da wannan. Sai dai dokar nan ita ce kuma ta ba ku ikon keɓe fili domin amfanin jama'a. Ta yarda ƙaramar hukuma ta ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi amincewar Gwamna ba. Filin ƙwallo na ƙa'ida, mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68, ko hekta ɗaya bai cika ba. Hukumar da doka ta ba wancan iko ba za ta gaza tsare wa gari guda wannan ɗan fili ba. Ƙari a kan haka, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda kuka rantse za ku kare, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikin sakin da ya ambaci hanyoyi da fitilun titi da magudanan ruwa, a nan ya ambaci wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen da ake bari a buɗe domin jama'a. Ashe ke nan kula da filin nan aikinku ne a rubuce, daidai da gyaran kwalbati da kasuwa. Mutane da yawa a garinmu ba su san haka ba sai da muka karanta musu a taro, kuma daga ranar suka daina kallon maganar a matsayin roƙon alfarma.

Na biyu, maganar yara. Wanda ya yi aikin koyarwa ya san yaro ba ya zama. Idan ka hana shi fili, zai nemi wani wurin, kuma wuraren da suka rage a garinmu biyu ne: titi da kududdufi. Titin nan da ya ratsa mu, ranar kasuwa manyan motoci da 'yan acaɓa ba sa ɗaga ƙafa. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini kuwa, da damina cika suke yi su batse, kuma babu shekarar da za ta wuce ba a ji a rediyo cewa ruwa ya ci yara a wani ƙauye na Jigawa ko Kano ba. Mu ma mun taɓa binne namu. Ina cikin waɗanda suka tsaya a bakin ruwa ana lalube har aka fito da wani ɗalibina ɗan aji huɗu, kuma na ga halin da mahaifiyarsa ta shiga. Ba na cewa filin wasa zai kawar da ƙaddara, Allah ne mai rayawa da kashewa. Amma yaron da yake cikin fili a gaban idon manya, ana ganin shigarsa da fitarsa, ya fi wanda ya sulale bayan gari samun kariya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a kullum yana motsa jiki sosai. Wani zai ce yaran karkara ai suna noma suna ɗiban ruwa, me ya kai wannan motsa jiki? Gaskiya ne suna wahala. Sai dai a gona yaro ba ya koyon bin doka idan alƙalin wasa ya busa, ba ya koyon haƙuri idan an ci shi, ba ya koyon yadda zai haɗa kai da ɗan wata unguwa su nemi abu ɗaya. Na sha ganin yaron da ba ya buɗe baki a aji, amma da an fita fili sai ka ga shi ne ke tsara 'yan uwansa, daga nan kuma sai ka san ta inda za ka ɓullo masa a karatu. Idan aka gina shaguna a inda aka kafa turakun nan, makarantarmu ba ta da wurin da za ta yi wasannin motsa jiki, balle gasar gidaje ta ƙarshen zango.

Na uku shi ne wanda ya fi hana iyaye barci, wato shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya. A watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma wanda yake zaune a ƙauye ya san abin bai tsaya a birni ba, kuma da aka toshe wata ƙofa wasu aka buɗe. Da rani, bayan an gama girbi, saurayin da bai tafi ci-rani ba kuma ba shi da fadamar yin noman rani, wuni yake yi babu abin yi. Daga la'asar zuwa magariba, lokacin nan ne ake lalacewa, kuma lokacin nan ne filin ke riƙe mana su. Masu horar da ƙungiyoyin unguwanni, waɗanda ko sisi ba a biyan su, suna da doka: wanda aka ji warin wani abu a bakinsa ba zai sa riga ba. Na san samarin da tsoron a cire su daga wasan ƙarshe ya sa suka bar abin da nasihar iyaye ta kasa raba su da shi. Wannan aiki ne da hukuma ke kashe kuɗi masu yawa tana nema, ga shi ana yi mata kyauta, abin da kawai ake buƙata a gare ta shi ne ta bar ƙasar da ake yin sa a kai.

Na huɗu, mata da tsofaffi, waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana maganar fili. Da can kowace unguwa tana da dandali, 'yan mata su yi gaɗa da farin wata, ƙanana su yi carafke da 'yar ɓuya. Ɗaya bayan ɗaya dandalin nan suka zama gidaje, domin mutane sun ƙaru. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum sama da miliyan 4.3, kuma duk wanda ya ga yadda garuruwanmu suka cinye gonakin da ke kewaye da su ya san an wuce nan nesa. Yanzu 'yan matanmu ba su da wurin kansu ko ɗaya. Ga kuma masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda likita ke ce wa su riƙa tattaki, su dawo gida su rasa inda za su taka ba tare da babur ya bi ta kansu ba. Akwai wata gwaggona da ke zagaya filin nan bayan sallar asuba tare da maƙwabtanta, kafin gari ya waye sosai. Da ta ji labarin turakun, tambayar da ta yi mini ita ce, "To Malam, mu kuma ina za mu?" Ban samu amsar da zan ba ta ba, shi ya sa na kawo muku tambayar.

Itatuwan da ke bakin filin ma abin dubawa ne. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a wannan yanki, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da ke bakin hamada, waɗanda aka kafa wa hukumar ganuwar itatuwa ta ƙasa a 2015. Ana kashe kuɗi ana rainon dashe a wasu wurare, bai kamata a sare tsamiya da darbejiyar da suka riga suka yi inuwa ba. A ambaliyar 2022 kuma, da ruwa ya shiga unguwannin gangare, a kan tudun filin nan mutane suka kafa rumfuna, suka ɗaure dabbobi, suka shanya ɗan hatsin da suka tsira da shi. Garin da ke kusa da kogin Haɗeja bai kamata ya rasa buɗaɗɗen tudu ba.

Kuka na ƙarshe ya fi sauran nauyi a wurina, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zaɓi in rubuta a fili. Tsakaninmu da ku babu hanya. Lokacin neman ƙuri'a, a filin nan kuka kafa rumfa kuka yi mana jawabi, domin babu wani wuri a garin da zai ɗauki jama'a. An kawo wa samari riguna da ƙwallaye, an sa kofi, an yi gasa, kuma mun gode, ba mu raina ba. Amma riga takan yage cikin shekara guda, gasar kuma ba a sake yin ta sai wani zaɓen ya matso. Bayan rantsuwa, wanda yake so ya gan ku sai ya bi ta hannun wani, shi ma ya bi ta hannun wani, kuma sau da yawa saƙon ba ya isa yadda aka ba da shi. Mun kuma lura da abin da ke cika ƙofar gidajenku da safe: mai neman kuɗin magani, mai haihuwa, mai aurar da 'ya, mai neman a sa ɗansa a aiki. Duk buƙatu ne na gaskiya, talauci ne ya kawo su. Sai dai a cikin wannan cunkoso, maganar da ta shafi gari gaba ɗaya ba ta samun mai ɗaukar ta, domin ba ta da mutum ɗaya da zai kwana a ƙofa saboda ita. Ina kyautata zaton da akwai zama tsakaninmu, da tun kafin a aiko masu awo wani ya ce muku, "Ranka ya daɗe, wannan wurin ba ya taɓuwa," kuma da ba a kai ga wannan takarda ba.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Mun ɗauki wannan a kanmu, mun kuma yanke shawarar mu ne za mu fara takowa. Kwamitinmu ya haɗa 'yan jam'iyyu daban-daban, akwai wanda ya zaɓe ku, akwai wanda bai zaɓe ku ba, kuma mun yi alkawari a gaban Dagaci da Liman cewa ba za a shigo da siyasar jam'iyya cikin maganar fili ba. Mun kuma haramta wa kanmu abu ɗaya: duk ɗan kwamitin da ya je wurinku da sunan gari ba zai karɓi ko kuɗin mota ba, ba kuma zai cusa buƙatar kansa a ciki ba. Muna so idan kun gan mu ku san ba aljihunku muka zo nema ba, ku saki jiki ku saurare mu.

Na san abin da za a ce, domin an riga an fara faɗa. Za a ce mutane na fama da tsadar abinci tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, asibiti ba magani, wasu ajujuwa ba rufi, ku kuna maganar wasa. Ni ma a garin nake, da kuɗin fansho nake cefane, na san yadda ake ciki. Amma babban abin da muke nema ba ya cin kuɗi: a cire turaku, a rubuta takarda. Za a kuma ce shagunan za su kawo wa ƙaramar hukuma kuɗin shiga. Ba ma ƙin shaguna, 'ya'yanmu ne za su zauna a ciki. Akwai wuri a gefen kasuwa da kuma hanyar tasha, inda ciniki ma ya fi tafiya, kuma a shirye muke mu zagaya da jami'in filaye mu nuna masa. Shago ana iya gina shi a ko'ina, a kuma rushe a sake. Fili kuwa idan aka yanka aka raba takardu, aka yi gini aka haifi 'ya'ya a ciki, ya tafi ke nan, babu shugaban da zai zo daga baya ya iya dawo da shi.

Akwai kuma masu ganin wasa shashanci ne da bai dace dattijo ya tsaya yana kare shi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya bar mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a masallacinsa ranar Idi. Sun kuma karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. Abin da ake ƙi shi ne wasan da ke hana salla ko ya jawo caca da faɗa, kuma dokar filinmu tun fil azal ita ce da an kira magariba an tashi.

Shugabannin da suka gabata sun san darajar irin wannan aiki. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin muna cikinta, ya gina madatsar ruwa ta Tiga domin noma, bai kuma ga cewa gidan namun daji na Kano ɓata kuɗi ba ne. Yau sama da shekara hamsin ke nan ana kai yara can da Sallah, sunansa na kan ƙofar. A nan Jigawa Allah Ya ba mu dausayin Baturiya da tsuntsaye ke zuwa daga Turai, ga zanen dutse na Birnin Kudu, amma yawancin yaran da na koyar ba su taɓa zuwa ko ɗaya ba, saboda iyayensu ba su da kuɗin mota. Wurin shaƙatawar ɗan talakan ƙauye shi ne wanda zai iya zuwa da ƙafa.

Saboda haka, ga abin da muke roƙo.

Mai Girma Shugaba, muna roƙon ka ba da umarni a rubuce a dakatar da awon nan, a tumɓuke turakun, a kuma soke duk wani rabon fuloti da aka riga aka yi a cikin filin, idan an yi. Bayan haka a turo jami'in filaye ya auna iyakokinsa a gaban Hakimi da Dagaci da masu unguwanni da dattawan da suka san asalin iyakar, a kafa duwatsun shaida, a fitar da takarda da sunan al'ummar gari cewa wurin na amfanin jama'a ne, ba a sayarwa, ba a rabawa. Kwafi ɗaya ya zauna a sakatariya, ɗaya a wurin Hakimi, ɗaya a makaranta. Wannan shi ne gaba da komai, ko shi kaɗai aka yi mun samu abin da ya fi muhimmanci.

Muna kuma roƙon a sa filin a cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa da sunansa, ko da kaɗan ne. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, don haka jama'a za su ƙara sa ido a kan abin da kuka zaɓa ku yi da su. Ba babban filin wasa mai kujeru muke nema ba. A baje ƙasa a cike ramuka, a sa turakun raga na ƙarfe, a haƙa famfon tuƙa-tuƙa, a gina makewayi biyu, na maza da na mata, a sa fitila mai aiki da hasken rana a kusurwoyi. A kusurwar arewa, inda itatuwa suka fi yawa, a kewaye wani ɓangare domin mata da ƙananan yara, da lilo da wurin zama, yadda magidanci zai bar iyalinsa su je hankalinsa kwance.

Mai Girma Ɗan Majalisa, naka ya wuce garinmu. Kana ɗaya daga cikin mutum 30 da ke yi wa Jigawa doka. Muna roƙon ka gabatar da ƙudurin da zai wajabta cewa duk sabon awon gari da za a yi, a birni ko a ƙauye, sai an ware filin jama'a a ciki, kuma filin makaranta ko na wasa da yake akwai ba za a sauya masa aiki ba sai an kira taron mutanen wurin an ji ta bakinsu. A kuma umarci kowace ƙaramar hukuma ta yi rajistar filayen da take da su, yadda ake yi wa burtali da wuraren kiwo. Idan kuma lokacin aikin mazaɓa ya zo, muna roƙon a tambaye mu kafin a zaɓa mana.

Kansila, kai namu ne, a cikinmu kake kwana, kuma kai ma a filin nan ka buga ƙwallo kana yaro. Muna roƙon ka gabatar da maganar a zaman majalisar ƙaramar hukuma domin ta shiga cikin rubutaccen bayanin zama, ka kuma dawo ka faɗa mana abin da aka ce, ko mai daɗi ne ko marar daɗi.

Roƙo na ƙarshe gare ku ne ku uku: a sa lokacin zama da mu sau ɗaya a kowane wata uku, a garinmu, ba a sakatariya ba. Wanda uzuri ya hana shi ya turo wakilin da zai iya ba da amsa. Za mu aiko muku da abin da za a tattauna a shafi ɗaya mako guda kafin ranar, don kada a ɓata muku lokaci, kuma ba fili kaɗai za a riƙa magana a kai ba, duk abin da ya shafi gari ne.

Mu ma ga abin da muka ɗauka. Samari sun yi alkawarin aikin gayya na share fili da cike ramuka idan aka kawo ƙasa. Makaranta za ta ba kowane aji itatuwan da zai dasa ya riƙa ba su ruwa har su kama, mata masu sana'a a bakin filin sun ce sharar wurin a wuyansu take, magina biyu kuma sun ce za su yi aikin makewayi ba tare da kuɗin hannu ba. Duk abin da aka ba mu za mu rubuta, mu karanta shi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Wanda ya yi mana aiki a cikinku za mu faɗa da sunansa a gari da gidan rediyo, ko daga wace jam'iyya yake, kuma idan aka yi shiru za mu ci gaba da rubutowa da zuwa cikin ladabi har a amsa.

Muna gayyatar ku ranar Asabar ta farkon watan gobe, bayan sallar la'asar. Ba mu shirya taro ko jawabi ba, so muke ku zo ku tsaya a bakin filin a lokacin da ya fi cika, ku ga masu amfani da shi da idonku, ku ga inda turakun suka bi, sannan mu zauna a gindin tsamiya mu yi magana. Dagaci ya amince zai karɓe ku, kuma Kansila ya san inda zai same ni idan ranar ba ta yi muku ba, sai a sa wata.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Sakataren kwamitin filin wasa, a madadin mutanen gari.